Mun Je Kwarin Baure Bin Ruwa

Tun da muka dawo daga Kwarin Baure ban sake ɗinka wuyan riga a natse ba. Duk wanda ya zauna a bencin ƙofar shagona sai ya ce, "Malam Isyaku, wai da gaske ne Alhaji Sabo ya yi yawo a gari ba takalmi?" In na fara ba da labari, sai wani ya iso a tsakiya ya ce a komo farko. Ga shi kuma shi Alhajin yana can majalisarsu yana ba da nasa, wanda a ciki shi ne ya ciro ni daga taɓo. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, duk wanda ya tambaya in miƙa masa, in ci gaba da taka kekena.

Sai na faɗi abin da ya kai mu tukuna. Gidanmu na gado yana can gangaren unguwa a Birnin Kudu, kuma mahaifiyata, Inna, a nan take zaune. Da can gonaki ne a samanmu, ruwa in ya sauka ƙasa ta shanye. Shekarun nan aka yi ta yanka gonakin ana sayarwa awon igiya, ba safiyo ba taswira, igiya ce kawai da turaku. Kowa ya saya ya ja katanga, ya yi daɓen siminti, ya juyo bakin kwatarsa waje. Daminar bara ruwa ya shigo mana ta zaure har ɗakin Inna, sai da muka ɗora gadonta a kan bulo. Ɗakin ginin ƙasa ne, bangon baya ya tsage, magini ya ce in aka sake yin irin ta bara ba zai tsaya ba. Na yi juyin duniya ta komo wurina, ta ce ɗakin da aka kawo ta tana amarya babu ruwan da zai kore ta daga cikinsa.

Gona ɗaya ce babba ta rage a sama tana shanye mana wani abu. Bana Alhaji Sabo ya saye ta ya kafa turaku. Sabo kuwa ɗan kawuna ne, taubashina, Inna gwaggonsa ce. Da aka yi taro a ƙofar mai unguwa na miƙe na ce duk wanda zai yanka gona ya sayar, ya fara ba da wani abu na magudana da kwalbati. Sabo ko bari in zauna bai yi ba.

"Na biya kuɗin gona, na biya na takarda, yanzu kuma in biya na ruwan sama? Ni na aiko shi?"

Aka yi dariya, ni kuwa raina ya ɓaci. Mai unguwa, wanda ba ya son rigimar dangi a ƙofarsa, ya ce ya ji daga bakin masu awon hatsi akwai wani gari bayan Gwaram da ke da irin wannan tsari. "Ku biyun ku je ku gano mana. Gani ya kori ji." Ni na yarda don ina neman abin kafa hujja. Sabo ya yarda don ya ƙaryata ni, kuma an ce masa ƙasa tana da araha a can.

Muka tashi da safe a tsohuwar motarsa. Ya sha farar shadda wadda ni na ɗinka, da sabon takalmi sau-ciki da ya sayo a Kano. Na ce masa damina fa ta faɗi. Ya ce, "Tela, naka ɗinki, nawa sawa." A bayan mota kuwa akwai igiyar awonsa a naɗe, wadda na tabbata ko aikin Hajji da ita ya je.

Tafiya da dillalin filaye wata makaranta ce. Ni in na duba gefen hanya gero nake gani ya fara tasowa, mutane sun duƙa suna noman farko. Shi kuwa fuloti yake gani. Tun daga wajen Kiyako yake nuna gonakin mutane da leɓe yana cewa wannan za ta ba da layi kaza, waccan a yi mata titi a tsakiya. Abin da ya ba ni mamaki, kusan kowane gari muka wuce akwai turaku da tulin bulo a bakinsa. Ashe ba mu kaɗai gari ke cin gona ba.

Muna cikin haka taya ta yi faci. Muka fito da safaya, ita ma ba iska, jak kuma ya ba wani aro tun azumi. Ni na gangara da safayar zuwa wurin mai faci don ya sa mata iska ya zo mana da jak, Alhaji yana biye a baya yana riƙe da gefen rigarsa yana ba ni umarni.

Can gaba, wajen da ƙasarmu ta haɗu da ta Gwaram, muka tarar da wasu masu yankan rasit sun gitta katako mai ƙusoshi a hanya. Ban san ko na wa ba ne, ban kuma tambaya ba. Suka ce a buɗe bayan mota su ga kaya. Da suka ga igiya kawai, ɗayansu ya tambayi Sabo ko sayar da ita yake yi. Sai da aka yi 'yar muhawara suka janye katakon. Muna wucewa Sabo ya nuna mini ramukan da ke daidai inda suke tsaye.

"Ka gani? Abin da kake so a kafa mana a unguwa ke nan. A karɓa kullum, rami yana nan."

Maganar ta tsaya mini a rai har muka shiga Gwaram.

A Gwaram muka ci shinkafa da wake da mai da yaji a bakin tasha, muka kora da fura. Furar can ta fi tamu yaji, nonon kuma ba a tsinka shi da ruwa ba, wannan kam na yaba musu. Wani bakanike ya dubi motarmu ya ce in muna ƙaunarta mu bar ta a nan, hanyar Kwarin Baure a damina sai babur. Da muka gaya wa 'yan acaɓa inda za mu, ɗayansu ya ce, "Au, garin da ba a yanka fili da rani?" Nan na fara jin akwai abin gani. Sabo ya rataya igiyarsa a kafaɗa, muka hau. A hanya akwai rafin da sai da aka ɗora baburan a kwalekwale. Alhaji ya tuɓe takalmi ya rungume a ƙirji, yana karanta duk addu'ar da ya sani, mai fito yana yi masa dariya, don ruwan ko ƙugu bai kai ba.

Kwarin Baure gari ne matsakaici a gindin tudu, tsohon gari a ƙasa, sababbin gidaje a sama, kamar dai unguwarmu. Abu biyu na fara lura da su. Na farko, wata hanya ce mai ciyawa da aka jera wa duwatsu a gefe, tana karkacewa tsakanin sababbin gidajen, babu gini a kanta, duk inda ta gitta titi kuma akwai kwalbati. Na biyu, tulin buhunan siminti ne a rumfar ƙofar masallaci, an rufe da tamfol, babu mai gadi. Sabo ya ɗaga tamfol ɗin ya leƙa, ya ce a Birnin Kudu da ba za su kwana ba.

Maigari, wani dattijo dogo mai magana a hankali, ya karɓe mu hannu biyu. Aka sauke mu a shagon da ke jikin zaurensa, wanda rabinsa buhunan taki ne, a lungu kuma wata kaza tana kwanci. Gado ɗaya ne. Sabo ya ce shi ne babba, ya haye, bai lura ƙafa ɗaya dutse aka tokare ta da shi ba. Ni dai na shimfiɗa tabarma na yi barcina lafiya, shi kuwa da safe ya tashi yana dafe da ƙugu. Abinci kuwa ba a magana: tuwon dawa da miyar kuka, man shanu yana yawo a kai. Al'adarsu ɗaya da ta bambanta da tamu, mai gida ba ya zama cin abinci da baƙo, sai ya ajiye ya fita, wai kada baƙo ya ji kunya. Sabo bai ji ba kam.

Washegari da hantsi Maigari ya zaunar da mu a zaure. Na gaya masa abin da ke tafe da mu, har da ɗakin Inna.

Ya ce, "To, mu ma da kuɗi muka fara. Duk wanda ya yanka gona ya kawo kason gari, a ajiye a wurin amintattu. Kuɗin nan suka yi fuka-fuki. Ba wanda ya sata, in ka tambaya. Wannan ya ara zai mayar, wancan an yi baƙi an taɓa. Ranar da za a sayi siminti sai aka tarar da labari. A daminar nan katanga ta faɗa wa wani bawan Allah a kan awakinsa, Allah ya tsare ba mutum a wurin. Daga nan muka ce an daina karɓar kuɗi. Kawo siminti, kawo rodi, kawo tsakuwa, a jibge a ƙofar masallaci inda kowa zai gani sau biyar a rana. Buhun siminti ba ya shiga aljihu."

Na dubi Sabo, don ga amsar masu katako da ƙusa. Ya kau da kai.

"Ranka ya daɗe," in ji shi, "wa ke yanke yawan abin da mutum zai kawo? Ai nan ne zalunci ke shiga."

"Ruwa ke yankewa, Alhaji. Shi ya sa ba ma yanka fili da rani. Da rani kowace gona shimfiɗaɗɗiya ce, kowa salihi ne. Sai an yi ruwa mai ƙarfi mu fita mu bi shi tun daga kan gonar har inda ya faɗa rafi. Inda ya bi, hanyarsa ce, ba a sayarwa. Inda ya gitta titi, mai gona ya kawo kayan kwalbati, gari ya yi gayya ya gina. Wani kwalbati ɗaya ke hawa kansa, wani uku. Mai gonar da ruwanta bai dami kowa ba, sai ya ba da wurin rijiyar burtsatse, shi ke nan."

"In mutum ya ƙi fa? Akwai doka?"

Maigari ya yi murmushi. "Babu. Sai dai ba zan sa hannu a takardar cinikinsa ba, ba kuma wanda zai tsaya masa shaida a garin nan. Kai da kake sana'ar, za ka sayi filin da ba shaida?"

Ya ce mun taki sa'a, akwai gonar da ke jiran a bi mata ruwa, sai dai mu jira a yi shi. Haka muka zama baƙi masu jiran hadari. Kullum da la'asar gabas ta yi baƙi, iska ta taso, mu fito mu tsaya, sai ya zagaye ya tafi ya zuba a ƙasar Bauchi. Ni hankalina yana kan ɗinkunan mutane da na baro, Sabo kuwa wayarsa ba ta samun sabis sai ya hau kan wani suri a bayan gari, shaddarsa tana kaɗawa kamar tuta.

Zaman jiran bai tafi a banza ba, don a nan muka san mutane. Akwai Iya Abu, mai ƙosai a bakin kasuwa, tsohuwa 'yar firit mai kaifin baki, wadda gidanta ne na ƙarshe a gangaren gari. Ita ta gaya mana cewa a ranar bin ruwa mai gidan da ya fi kowa gangare ne ke shiga gaba, don shi ruwan kowa ke ƙarewa a kansa. Na tambaye ta ko ba ta da ɗa da zai wakilce ta. Ta ce, "Ɗan nan, shi yake kwashe ruwan da ƙwarya ko ni?"

Akwai kuma mai gonar da ake jira, wani ɗan garin da ya daɗe a kudu yana sayar da kayan babur, ana ce masa Ɗan Ikko. Tun rani ya so ya yanka ya sayar ya koma, aka ce ya jira damina. Shi da Sabo nan da nan suka ƙulla abota, suna zama a gindin baure suna zagin tsarin tare.

Wanda ya fi sa ni tunani shi ne Malam Bitrus, ma'aikacin lafiya, mutumin kudancin Bauchi, wanda ya sayi fili a sabuwar unguwa ya gina. Na je masa da murnata ina yabon yadda aka sa masu kuɗi suka biya. Ya yi dariya.

"Malam, wane mai kuɗi? Simintin da ka gani a ƙofar masallaci, ka san wa ya biya? Mu masu saye. Mai gona ya kawo, ya juya ya ɗora mana a kan kuɗin fili. Akwai wani abokin aikina da ya so ya saya kusa da ni, ƙarin nan ne ya hana shi, har yau haya yake yi."

Na ce to ashe cuta ce.

"Ban ce ba. Na zauna a birnin da gwamnati ke karɓar irin wannan daga masu gina rukunin gidaje, wai na titi da magudana, ban taɓa ganin inda aka zuba ba. Nan kuwa ga kwalbatina a ƙofar gida, ina taka shi kullum. In ban biya a kuɗin fili ba, da na biya a gyaran katanga, ko Iya Abu ta biya mini da ɗakinta. Biya dai sai an yi, Malam. Magana ita ce wa zai yi, kuma yaushe."

Na koma masauki jikina a sanyaye, don na zo neman abin da zan buga wa Sabo a ka, sai na tarar abin yana da baki biyu.

Ranar da ruwan ya zo ba wanda ya zata. Bayan azahar ne, rana tana dukan ƙeya, sai iska ta juya, kafin mu kwashe tabarmi ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Can sai muka ji ana dukan wani tsohon ƙarfen taya da ke rataye a ƙofar Maigari. A garinmu in ruwa ya sauko kowa gida yake gudu. Nan kuwa sai ga maza suna fitowa, kowa ya kifa buhu a ka, wando a naɗe. Iya Abu tana gaba da faifai a kanta da sanda a hannu. Ɗan Ikko yana can baya, ba takalmi, ya rungumo turaku da guduma, don a al'adarsu mai gona da kansa yake kafa turakun da za su rage masa gona.

Na ce wa Sabo ya tuɓe takalminsa. Ya ce shi ɗan kallo ne, a gefe zai tsaya.

Muka hau har kan gonar. Ni da na yi shekaru ina zagin ruwa, ban taɓa tsayawa na kalli yadda yake tafiya ba sai ran nan. Yana farawa ne siriri-siriri tsakanin kunyoyi, ya haɗu da ɗan'uwansa, kafin tsakiyar gona ya zama abin da zai ja akuya. Iya Abu tana bin sa tana nuni da sanda, duk inda ta nuna Ɗan Ikko ya durƙusa ya kafa turke dama da hagu. Ba mai gardama, don ga abu kowa yana gani. Har muka iso kusurwar gonar da ke bakin titi, wadda duk mai hankali ya san ita ce mai tsada, wurin shaguna. Ruwan nan ya bi ta tsakiyarta ya raba ta biyu.

Ɗan Ikko ya tsaya da turke a hannu. "Iya, don Allah a ɗan kauce nan. Taku biyar kawai."

"Ga shi nan, gaya masa," in ji ta. "In ya yarda, ni ma na yarda."

Mutane suka fashe da dariya, amma ni tausayinsa na ji, don fuskarsa ta nuna ba ƙaramar asara ba ce. Sai kawai na ji muryar Sabo a bayana yana cewa, "Kai, tsaya! Kada ka kafa!" Ɗan kallo ya shigo fili. Ya zabura zai tsallaka ruwan, ƙafarsa ta dama ta nutse a taɓo har ƙwauri, da ya zaro ta sai safa. Takalmin Kano ya tafi, har yau ba a gan shi ba. Ni na kamo hannunsa na ja shi, kuma duk wanda ya gaya muku akasin haka ku tambaye shi ina takalminsa.

Ko ta kan takalmin bai bi ba. Ya cire ɗayan ya jefar, ya warware igiyarsa, ya miƙa mini bakinta ya ce in riƙe. Ya auna nan, ya auna can, ruwa yana zuba a kan hularsa.

"Wa ya tsara maka wannan yankan?" ya tambayi Ɗan Ikko. "Ka sa titinka a can, ga hanyar ruwa a nan, ka yi asara biyu ke nan. Ɗauko titin ka kwantar da shi a jikin ruwan, su tafi tare. Shagunanka su dubi titin ta wannan gefen. Kwalbati ɗaya ya ishe ka a bakin hanya maimakon biyu."

Maigari ya dubi Iya Abu. Ta bi igiyar da ido tun daga sama har ƙasa, ta ce ita dai muddin ba a taɓa hanyar ruwa ba, su sa titi ko a sama ne. Aka kafa turaku yadda Sabo ya ce. Muka gangara da ruwan ta hanyar nan mai duwatsu, ta ƙarƙashin kwalbatin Malam Bitrus, ta bayan katangar Iya Abu, har ya faɗa rafi. Ta tura ƙofar gidanta ta nuna mana tsakar gida: ruwan da ya sauka daga sama ne kawai a ciki. Ɗakin Inna ya faɗo mini a rai, na ji hawaye ya zo mini, na gode Allah da ruwa ke dukan fuskar kowa.

Washegari muka yi sallama. Maigari ya ba Sabo aron silifas, Iya Abu ta cika mana leda da ƙosai ta ƙi karɓar ko sisi. A hanya Sabo bai nuna gonar kowa da leɓe ba. Sai da muka karɓi mota a Gwaram muka kama hanyar gida na kasa haƙuri na ce, "To, Alhaji, ka gani."

"Na gani. Can ƙauye ne, Tela. Maigari ya hana shaida, ciniki ya tsaya. A Birnin Kudu wa zai hana ni shaida? Masu sayena daga Dutse da Kano suke zuwa, ko sunan mai unguwa ba su sani ba. In na ɗora kuɗin siminti a kan filina, na kusa da ni bai ɗora ba, wurin wa za a je?"

Gaskiya ya faɗa, kuma ita ta fi ciwo. Na kai wa mai unguwa rahoto, aka ce za a sake zama, na san ma'anar wannan. Na koma shago ina ɗinki ina kallon gabas da faɗuwar gaba.

Ba a yi mako ba ruwa ya sauko mana da rana tsaka, irin na Kwarin Baure. Ina ƙoƙarin rufe shago in ruga wurin Inna, sai ga mutum a ƙofa da buhu a ka, wando a naɗe, silifas ɗin Maigari a ƙafa, igiya a kafaɗa.

"Tela, zo mu gani. Ba don kai ba, so nake in san inda zan sa titina."

Muka hau gonarsa. Muka samu inda ruwan ke haɗuwa, muka bi shi. Ya ratsa fuloti biyu da Sabo ya riga ya yi wa turaku, ya fita ta ƙasan gonar, ya tarar da katangar sababbin gidaje ta tare shi, ya karkata, ya haɗu da na kwatocinsu, ya shiga lungu da gudu. Ni na san inda za shi, shi ma ina jin ya sani, amma bai tsaya ba. Muka bi shi lungu-lungu har ya kai mu ƙofar zauren da Sabo ya yi wasa a cikinsa yana yaro. Muka shiga tare da shi.

Inna tana zaune a kan gadonta na kan bulo, ta tattare ƙafafu, ta ɗora kwallayenta a gefe, ruwa yana zagaya ƙasan gadon. Ta ɗaga kai ta ga wanda ke tsaye a ƙofar ɗaki.

"A'a, Sabo ne? Lale. Yau tare kuka zo? Ai ruwan gonarka ya fi ka zumunci, shi duk damina sai ya zo gaishe ni."

Taubashina, wanda bai taɓa rasa amsa ba tun muna yara, ya durƙusa a cikin ruwan nan ya ce, "Gwaggo, ina wuni." Ya daɗe yana kallon tsagar bangon.

Kada in yi muku ƙarya, ba a kafa wata doka a unguwarmu ba. Ana nan ana zama, masu yankan da suka riga suka sayar sun ce su ba ruwansu, mai unguwa ya ce zai kai maganar gaba. Abin da na sani, Sabo ya tuge turakun fuloti biyun nan ya kwantar da titinsa a jikin hanyar ruwa, ya jibge siminti da rodi a ƙofar masallacinmu, muka yi gayya muka haƙa magudana muka juya ruwan zuwa kududdufin bayan unguwa. Ya kuma ƙara wa sauran filayen kuɗi, kamar yadda Malam Bitrus ya faɗa, har wani ɗan unguwa da ya so saye ya fasa, yanzu ko gaisuwata ba ya amsawa sosai. Simintin dai ya kwana, ba wanda ya taɓa.

An yi ruwa biyu masu ƙarfi tun daga nan, zauren ya kwana a bushe. Amma gadon Inna har yanzu yana kan bulo. Na ce a sauke, ta ce in bar shi sai Sabo ya zo ya sauke da hannunsa, tun da ruwansa ne ya hau da shi.